Ranar da na hango Faransa daga Ingila na tuna da kakana

Tun muna yara kakanmu na wajen uba, Allah ya jiƙansa, in ya zauna a soro bayan la'asar ba shi da labarin da ya wuce na jiragen Ingila da suke sauka a Kano lokacin yaƙin Hitila. Yana cewa lokacin yana saurayi lebura ne shi a filin jirgi, su ne masu ɗaukar garwar fetur a ka su kai gindin jirgi, Bature na tsaye da gajeren wando yana ta zufa yana yi musu tsawa da Hausar da ba ta nuna ba. Mu kuwa kamar tatsuniya muke ji, don a ganinmu ina Kano ina yaƙin Turawa.

To a watan Yuli na je Ingila bikin kammala karatun ƙanwata a garin Kantabari, cikin yankin Kent. Bayan an gama hidima saura kwana uku na juyo gida sai ta ce, "Yaya, kai da kake son tarihi, ka san nan yankin ne aka yi yaƙin sama na 1940 tsakanin Ingila da Jamus? Akwai masu ɗaukar mutum a motarsu su zaga da shi yini guda, kai kaɗai ko da iyalinka." Da na ji kuɗin gaskiya sai da na yi jim, don in ka juya shi zuwa naira abin ba a cewa komai, amma ta nace ta ce ita za ta biya rabi, kuma yanzu ina faɗa da babbar murya ban yi nadama ba ko kaɗan.

Ƙarfe tara saura mutumin ya iso ƙofar masaukinmu, wani dattijo ne fari tas da furfura, motarsa tsaf, a kujerar baya ya ajiye wata tsohuwar taswira da ya liƙe da salatif saboda yawan buɗewa. Amfanin irin wannan tafiyar kenan, ba bas ba ce da za a cika ku mutum hamsin ana kaɗa ku kamar tumaki, in ka ce a tsaya za a tsaya, in ka yi tambaya sau goma za a ba ka amsa sau goma.

Mun fara da wani ƙauye Hawkinge. Nan ne filin jiragen yaƙin Ingila da ya fi kusa da Faransa a lokacin, yanzu an gine mafi yawansa da gidaje, sai gidan tarihi da aka yi a tsofaffin gine-ginen sojan. Ba a yarda a ɗauki hoto a ciki ba, da farko abin ya ɗan sosa min rai amma daga baya na ga hikimar, don da waya na hannuna da ban kalli kayan yadda na kalle su ba. Tarkacen ɗaruruwan jirage ne da suka faɗo a gonakin Kent, na Ingila da na Jamus, an tono su daga ƙasa. Wani injin jirgi na tsaya a kansa na fi minti biyar, ƙarfe mai kauri ya lanƙwashe kamar an murɗe gwangwanin madara, har yanzu da busasshen laka a cikin ramukansa, a gefe an rubuta sunan yaron da ke ciki da shekarunsa. Na ce yaro don yawancinsu shekara ashirin da 'yan kai ne, wasu ma ba su kai ba. Ƙanwata ta ce a hankali, "Yaya, wannan fa autanmu ya girme shi."

Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Capel-le-Ferne, inda aka yi wurin tunawa da matuƙan, a kan tudu daidai bakin teku. An shimfiɗa ƙasa da siffar farfelar jirgi mai reshe uku, a tsakiya mutum-mutumin matuƙi yana zaune ya rungume gwiwa yana kallon teku, ba bindiga ba komai. Mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe wurin a 1993. Wanda ya kawo shawarar gina shi, Geoffrey Page, shi ma matuƙi ne, an harbo jirginsa a watan Agusta 1940 wuta ta cinye masa fuska da hannaye, aka yi ta yi masa tiyata shekara da shekaru. Dattijon ya yi mana bayanin dalilin yawan ƙunar, akwai tankin mai a gaban matuƙi, in harsashi ya same shi wutar kai tsaye take feso wa mutum. Akwai doguwar katanga baƙa da sunayen mutum kusan 3,000 da suka tashi a yaƙin, daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba 1940, kuma 544 daga cikinsu ba su ga ƙarshensa ba. Ba a rubuta muƙamin kowa ba, suna kawai. Kuma ba Turawan Ingila kaɗai ba ne, akwai 'yan Folan da yawa, da 'yan Kanada da Niyu Zilan da sauransu.

Amma wallahi abin da ya fi girgiza ni a wurin ba katangar ba ce. Ranar gari ya waye tangaran babu hazo, dattijon ya miƙo min madubin hangen nesa ya ce duba can. Sai ga wani farin layi a ƙarshen ruwa, ko ba madubin ma ana ganinsa. Ya ce Faransa kenan. Wajen kilomita 34 ne a inda tekun ya fi tsukewa, wato bai kai daga Kano zuwa Wudil ba. A 1940 sojan Hitila suna tsaye a wancan gefen suna kallon nan kamar yadda nake kallonsu, jirginsu cikin 'yan mintuna ya tsallako, har manyan igwa suka kafa suna harbo garin Dover daga can. Duk karatun da na yi a littafi ban taɓa fahimtar kusancin ba sai da na tsaya a wurin iska tana neman ɗauke min hula.

Azahar ta same mu a hanyar Dover. Na ce masa za mu yi salla, ko gezau bai yi ba, ya samar mana wani gefe mai ciyawa a saman fararen duwatsun nan na alli ya koma mota ya jira. Da na duba alƙibla a waya sai ta nuna kudu maso gabas, kai tsaye cikin teku, haka muka yi salla muna fuskantar ruwa, manyan jiragen fito suna shiga suna fita a ƙasanmu. Bayan na sallame na daɗe a zaune, don wannan ruwan dai shi ne wanda muke ji a labarai 'yan ci-rani suna tsallakowa a kwale-kwalen roba, cikinsu har da 'yan Sudan da wasu 'yan Afirka da suka keto sahara, wasu kuma ruwan ya ci su. Na yi musu addu'a.

Abincin rana kifi da dankali muka ci, sai da na tambaya ko akwai giya a ƙullin da ake soya kifin da kuma irin man da suke amfani da shi, don wasu wuraren suna sawa. Wanda zai je ya riƙa tambaya.

Ganuwar Dover kuwa ita kaɗai ta isa yini guda, mu awa biyu muka ba ta. Sarki Henry na biyu ne ya gina babban ginin tsakiya wajen shekarun 1180, a ciki kuma akwai hasumiyar fitila ta Rumawa da ta kusa shekara dubu biyu tana tsaye. Mu dai ramukan ƙarƙashin ƙasa muka nufa, waɗanda aka fara haƙawa cikin dutsen allin tun zamanin yaƙin Napoleon. A cikinsu ne Admiral Ramsay, wani babban hafsan sojan ruwan Ingila, ya zauna ya tsara kwaso sojojin Ingila da ƙawayenta da Jamus ta ritsa a Dunkirk, wani gari a bakin tekun Faransa, daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni 1940, aka tsallako da mutum sama da 338,000, har da ƙananan jiragen masunta da na masu shaƙatawa a aikin. Ciki da sanyi da wani warin danshi, ga tsofaffin wayoyin tarho da tebura, na shafa bango sai farin gari ya maƙale min a yatsa kamar allin makaranta. Da muka fito ya nuna mana dogayen turakun ƙarfe a kan tudun Swingate, na na'urar rada ne, ita ce take hango jiragen Jamus tun suna haɗuwa a sararin Faransa, sai a buga waya a tada matuƙa daidai lokacin da ake buƙata maimakon su yi ta shawagi suna ƙona mai. A ganina wannan tsarin ya taimaki Ingila kamar yadda jarumtar yaran ta taimake ta, duk da ba a cika yi masa waƙa ba.

Wajen ƙarfe uku muka kama hanyar arewa zuwa Manston, can ne akwai jirage biyu na gaske, Spitfire da Hurricane, a wani ƙaramin gidan tarihi. Kowa Spitfire yake yabo saboda kyansa, amma dattijon ya ja mu wajen Hurricane ya ce wannan ne ya fi kakkaɓo jiragen Jamus a 1940. Abin mamaki bayan jikinsa ƙyalle ne aka ɗame a kan firam aka shafe da wani fenti mai tauri, harsashi ya huda a yi masa faci a sake tashi. Irin na 1940 bindiga takwas gare shi amma harsashin duka bai wuce na daƙiƙa goma sha biyar ba.

A nan ne na ba shi labarin kakanmu, ina ɗan jin nauyi kar ya ɗauka shirme ne. Mutumin nan sai ya tsaya cak, ya ce daga Kano kuke? Ya fita ya ɗauko taswirarsa a mota ya juya bayanta ya zana mana layi da biro. Ya ce bayan Faransa ta faɗi kuma Italiya ta shiga yaƙi a 1940, tekun Bahar Rum ya zama haɗari, ba hanyar kai jirage Masar. Sai aka riƙa loda su a akwatuna cikin jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a haɗa su a can, su taso ayari-ayari, babban jirgi mai masanin hanya a gaba ƙananan na biye, su sauka Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su keta Cadi zuwa El Geneina da El Fasher da Hartum, sannan su bi kogin Nilu har Alƙahira. An fara a watan Satumba 1940, bayan gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi ɓangaren De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, kuma dubban jirage ne suka bi ta hanyar, da yawansu irin wannan Hurricane ɗin da ke gabanmu.

Na juya na sake kallon jirgin, na nemi murfin tankin mai a kan fiffike na same shi. Wato irin wannan murfin kakanmu yake tsayawa a gefensa da garwa a ka. Ƙanwata ba ta ce komai ba, hawaye kawai na gani. Ita ba ta ma riske shi sosai ba, tana 'yar shekara huɗu ya rasu.

Mun ƙare a tashar jiragen ruwa ta Ramsgate, inda da yawa daga ƙananan jiragen Dunkirk suka tashi, muka sha shayi a bakin ruwa, rana ba ta da niyyar faɗuwa don a Yuli sai wajen tara take faɗuwa a can. Dattijon ya yage min gefen takardar da ya yi zanen ya ce in kai gida. Tun a mota na ɗauki hotonta na tura wa Abba ta WhatsApp tare da hoton jirgin, na yi masa bayani da murya. Muna shiga Kantabari amsarsa ta shigo, muryarsa na rawa, ya ce, "Allahu Akbar. Ai ya sha faɗa mana wai bayan jirgin yadi ne, muna cewa tsufa ne. Ka riƙe min takardar nan da kyau, in ka dawo zan kai wa baffanka ya gani."