Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Azumin da Aka Koro Mu da Raƙuma

A makon jiya na tsaya a inda maigidana, mutumin Ƙatar, ya tura ni wurin garkensa da ke kiwo cikin Saudiyya, a yankin Ahsa. Ƙatar ƙasa ce 'yar ƙarama, ruwa ya kewaye ta ta ɓangare uku, kuma iyakarta ta tudu ɗaya ce tal: Abu Samra a gefensu, Salwa a gefen Saudiyya. Shi ya sa masu raƙuma da yawa suke kai dabbobinsu can. Mu uku ne a garken: ni ɗan Damagaram, da wani yaro ɗan Bangaladash, da wani dattijo daga Maiwurno ta Sudan wanda Hausarsa ta fi tawa tsufa. Baffa muke ce masa.

Ranar Litinin, 5 ga Yuni 2017, goma ga azumi, bayan sahur Baffa ya kunna rediyonsa kamar kullum. Na ga ya daina jan carbi.

"Lafiya, Baffa?"

"Yaro, an rufe Salwa."

Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar sun yanke hulɗa da Ƙatar a rana guda. Sun rufe mata tudu da ruwa da sama, an ba 'yan Ƙatar da ke Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain kwana 14 su tattara su fice. Laifin da aka ɗora mata shi ne goyon bayan 'yan ta'adda, musamman ƙungiyar Ikhwan, wato 'Yan'uwa Musulmi, da kusantar Iran. Ita kuwa ta musanta. Ni dai da na ji, dariya na yi. Na ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, kafin Sallah za su shirya. Baffa ya kalle ni kallon da ake wa yaro, ya ce a 2014 ma an janye jakadu daga Doha, babban birnin Ƙatar, amma ba a taɓa ƙofa ba. Wanda ya rufe ƙofa cikin azumi ba wasa ya zo yi ba.

Dattijon nan bai yi boko ba, amma ya fi duk wanda na sani iya karanta Larabawa. Da dare ya zana min abin a ƙasa da sandarsa. Ga Ƙatar, ga Iran a ƙetaren ruwa, ga rijiyar iskar gas mafi girma a duniya a ƙarƙashin tekun da ke tsakaninsu, kowa na ɗiba ta gefensa. "Wanda kuke shan ruwa a rijiya ɗaya, ko ba ka sonsa dole ka gaishe shi," in ji shi. Sai ya soka sandar a tsakiya, ya ce nan ne Udaid, sansanin sojan Amurka, mutum wajen dubu goma. Ya ƙara soka wani wuri, ya ce nan kuma Turkawa. Kwana biyu da rufe iyakar majalisar Turkiyya ta amince a tura ƙarin soja. Ya ce saboda waɗannan ramuka biyu ba za mu ji ƙarar bindiga ba, amma wahala kam za mu sha.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa Nijar ma ta kira jakadanta daga Doha. Wannan ya fi komai tsaya min a rai. Igamata, wato takardar izinin zamana, ta Ƙatar ce, ƙafata tana ƙasar Saudiyya, ƙasata kuma ta zaɓi gefe ba ta tambaye ni ba. Iyata ta bugo waya daga gida tana kuka, wai ta ji ana yaƙi. Na rantse mata ko harsashi ban gani ba.

A goman ƙarshe aka ce dabbobin 'yan Ƙatar ma su fita. Maigida ba shi da ikon shigowa, ta waya yake ba mu umarni, muryarsa na rawa. Muka kora garken zuwa Salwa, ga azumi, ga zafin Yuni na hamada wanda ko na Agadas ba ya kama ƙafarsa. A bakin iyaka muka tarar da raƙuma dubbai, garke ya cakuɗe da garke, amale na faɗa da amale, ƙura ta rufe sama. Da aka buɗe ƙofar sai turmutsutsu. Akwai wata taguwa da nake ji da ita, ɗanta bai fi wata biyu ba. Ta tsallaka, shi bai tsallaka ba. Na juya zan koma, wani mai kaki ya ɗaga min hannu. Kwana uku tana kuka a matsugunin da aka kafa mana da tankunan ruwa, ta ƙi cin komai, nononta ya kumbura. Baffa ne yake tatse ta da dare, yana mata magana da Larabci a hankali.

Muna nan aka fito da sharuɗɗa 13, wa'adi kwana goma: a rufe Aljazeera, a rufe sansanin Turkiyya, a rage hulɗa da Iran, da sauransu. Ƙatar ta ƙi. Sarkin Kuwait, Sheikh Sabah, tsoho da shi, ya yi ta zirga-zirga tsakani, amma sai a Janairun 2021 aka sasanta a taron Al-Ula na Saudiyya, bayan ya rasu. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne, duk tsawon shekarun nan bututun da ke kai gas ɗin Ƙatar zuwa Daular Larabawa bai tsaya ba. An samu hanyar da gas zai bi, ɗan taguwa ne aka rasa masa.

Ranar Sallah maigida ya zo da kansa, ya ƙirga garken sau biyu, bakwai babu. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mana kwalin madara mai rubutun Turkanci, don ta Saudiyya da aka saba ta ɓace daga kantuna, ya ce in shirya kayana, zai mayar da ni Shahaniyya wurin raƙuman tsere. Yadda na rabu da Baffa kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.