Abincin makaranta a Ingila: to in an yi hutu yaran su ci me?

Duk sanda na ce wa mutanen gida akwai yaran da suke kwana da yunwa a Ingila sai a yi min dariya, wai na fara ƙorafin 'yan Turai don kar a roƙe ni kuɗi. Wallahi ba haka ba ne. Yunwar nan ba ta fitowa titi, ba za ka ga yaro da kwano a hannu ba, za ka gan shi da yunifom tsaf da jaka a baya amma tun ɗan burodin jiya da daddare bai sa komai a cikinsa ba, kuma uwarsa ba za ta taɓa faɗa maka ba saboda kunya. Lokacin da abin ya fi tsanani kuwa shi ne lokacin hutu, musamman dogon hutun nan na sati shida daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba.

Ga yadda tsarin yake ga wanda bai sani ba. Tun Satumban 2014 duk yaron da yake ajujuwa ukun farko na firamare a Ingila kyauta yake cin abincin rana a makarantar gwamnati, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duka. Daga nan kuma sai an duba aljihun gidan. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce in gidan yana karɓar tallafin gwamnati to abin da yake samu ta hanyar aiki kar ya wuce fam 7,400 a shekara, a shekara fa ba a wata ba, kuma duk da ƙa'idar ta matse haka kusan yaro ɗaya cikin huɗu ya cancanta, yara sama da miliyan biyu kenan. A Landan magajin gari Sadiq Khan ya mayar da shi kyauta ga duk 'yan firamare tun 2023, sannan a watan Yunin 2025 gwamnati ta sanar cewa daga Satumban 2026 duk gidan da yake karɓar wancan tallafin yaransa za su ci. Madalla. Amma duk wannan maganar ta ranakun makaranta ce, kwana 190 a shekara. Sauran sati goma sha uku na hutu doka ba ta ɗora wa kowa nauyi ba.

Duk uwar da take da yara ta san abin da hutu yake wa firij. Yaron da in ana makaranta sau ɗaya zai tambaye ki abinci kafin dare, in yana gida duk bayan awa ɗaya yana tsaye gaban firij ya buɗe ya rufe, madarar da take yin kwana uku ta ƙare a wuni ɗaya, burodi kam ba a magana. Mu da Allah ya rufa wa asiri ma muna ji a jikinmu, ina ga matar da take aikin kula da tsofaffi ana biyanta mafi ƙarancin albashi, ga haya ga kuɗin wuta da gas, ga shi in ta fita aiki sai ta nemi mai riƙe mata yaran shi ma da kuɗi. Abincin rana guda biyar a sati na kowane yaro da makaranta take ɗauke mata ya dawo kanta, albashin kuma bai ƙaru da ko kwabo ba don an yi hutu.

Wanda ya fito da maganar nan fili har ta zama abin da kowa yake tattaunawa ɗan ƙwallo ne, Marcus Rashford na Manchester United, lokacin yana ɗan shekara 22. A Wythenshawe ya tashi, wata unguwa a kudancin Manchester, mahaifiyarsa ita kaɗai take riƙe da su, kuma shi kansa da abincin makaranta na kyauta ya girma. Lokacin kullen korona da aka rufe makarantu gwamnati tana ba wa iyaye katin cefane na fam 15 a sati kan kowane yaro, sai ta ce in dogon hutu ya zo za ta tsayar. Ranar 15 ga Yunin 2020 Rashford ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisa, washegari gwamnatin Boris Johnson ta janye matsayinta ta ware fam miliyan 120 don yara kusan miliyan 1.3. Kwana ɗaya tak! Abin da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna faɗa ba a saurare su ba.

Amma ba a nan ta tsaya ba. Da Oktoba ya zo jam'iyyar Leba ta kawo ƙuduri a majalisa cewa a ci gaba da ciyarwar a duk hutu har zuwa Istan 2021, ranar 21 ga wata aka kaɗa ƙuri'a, 322 suka ce a'a, 261 suka ce e. Abin da ya biyo baya shi ne har yau nake tunawa, masu ƙananan gidajen abinci da masu shagon kifi da dankali da masu gidan shayi, mutanen da korona ta kusa durƙusar da sana'arsu, suka dinga sanarwa cewa duk yaron da yake buƙata ya zo ya karɓa kyauta ba sai an tambaye shi komai ba, Rashford yana ta yaɗa sanarwarsu a Twitter ɗaya bayan ɗaya har dare. Ƙananan hukumomi da yawa su ma suka ce za su biya daga aljihunsu. Takardar koken da ya buɗe ta samu sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya. A farkon Nuwamba gwamnati ta sake janyewa, ta fitar da fam miliyan 170 na tallafin hunturu da kuma fam miliyan 220 na shirin wasanni da abinci a lokacin hutu.

Ni dai ra'ayina a bayyane yake, a ci gaba da ciyarwa, kuma a sa shi a doka yadda ba sai an jira wani ɗan ƙwallo ya yi wa gwamnati tsawa ba. Amma masu cewa a'a ba duka ne marasa imani ba, kuma a cikin mutanenmu ma akwai su. Na sha jin ana cewa ai ciyar da yaro haƙƙin ubansa ne, kai ka haifa kai za ka ciyar, in gwamnati ta ɗauki cikin yaro yau gobe me ya rage wa iyaye. Wani ɗan majalisa ma a waccan muhawarar cewa ya yi shi bai yarda a mayar da 'ya'yan mutane mallakin gwamnati ba. Akwai masu cewa kuma aikin makaranta koyarwa ne, an ba da abinci ne don yaro ya iya zama a aji, in babu aji to matsalar ta koma ta tallafin talauci ba ta ilimi ba, a ƙara kuɗin tallafi kawai a bar makaranta ta huta. Wannan ta ƙarshen tana da ɗan nauyi a wurina, gaskiya in da za a ƙara kuɗin yadda zai isa da ban yi musu ba. To amma ba a ƙara ba. Ita kuma maganar haƙƙin uba, e haka ne, babu mai ja, sai dai ko da uban ne ya gaza, ko ya gudu ya bar uwar da yara huɗu, ko ma sakaci ne tsagwaronsa, yaron me ya yi? Gwamnatin da ta duba takardun gidan da kanta ta tabbatar ba za su iya ciyar da shi ranar Juma'ar ƙarshen zango ba, ta yaya za ta ce ranar Litinin sun iya?

Kuma abin ba sabo ba ne ko kaɗan, shi ya sa yake ba ni haushi in aka yi kamar korona ce ta kawo shi. Tun 1906 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba wa ƙananan hukumomi damar ciyar da yara a makaranta, bayan da aka ga yawan samarin da suka je shiga soja lokacin yaƙin Afirka ta Kudu aka mayar da su gida don jikinsu ba ƙwari. A 1907 a garin Bradford likitan makarantu Ralph Crowley ya dinga auna nauyin wasu yara da ake ba wa karin kumallo da abincin rana, suna ta ƙara nauyi, da aka yi hutu aka dawo sai sikeli ya nuna sun rame. A 1914 aka gyara dokar don a iya ciyarwa har da lokacin hutu. Sama da shekara ɗari kenan da sikeli ya ba da amsa amma har yanzu ana muhawara.

Yanzu abin da ake da shi kashi biyu ne. Na farko wancan shirin wasanni da abinci, gwamnati tana kashe masa sama da fam miliyan 200 a shekara. Na taɓa raka wata maƙwabciyata kai yaranta, a ɗakin taron unguwa aka yi, an jera tebura, wasu yaran suna fenti wasu suna ƙwallo a waje, da rana aka kawo taliya da miyar tumatir da ɗan kayan lambu da tuffa, har mai rabon ta tambaya ko yaran halal suke ci. Abin ya yi kyau gaskiya, babu wulaƙanci. Sai dai tsarinsa awa huɗu ne a rana, kwana huɗu a sati, sati huɗu a dogon hutu, wato kwana 16 kenan cikin hutun sati shida. Ga shi sai ka yi rajista ta intanet kuma gurbin yana cika da wuri, ga kuɗin bas in wurin ya yi nisa, uwar da take fita aiki ƙarfe bakwai na safe ba za ta iya kai yaro ƙarfe goma ta ɗauko shi ƙarfe biyu ba. Su kuma manyan yara 'yan sakandare ko da kuɗi ba za ka kai su ba, wa zai yarda abokansa su gan shi a wurin?

Na biyu katin cefane, kuma a nan ne rashin adalcin yake. A Oktoban 2021 gwamnati ta fara ba wa ƙananan hukumomi wani asusun tallafa wa gidaje, kowacce ta yi yadda ta ga dama da shi, kuma aka dinga sabunta shi gutsi-gutsi, wani lokacin wata shida wani lokacin shekara, sai an kusa ƙarewa kowa ya zuba ido. Wata hukumar ta ba da fam 15 a sati, wata ta rage, wata ta ce ita ba ta bayarwa sam. Sai ka ga yara biyu talaucinsu ɗaya, titi ne kawai ya raba unguwanninsu, ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba. A sauran sassan Birtaniya kuwa, Wales da ta riga kowa yin alƙawarin ciyarwa a hutu ta tsayar da nata daf da dogon hutun 2023, Ireland ta Arewa ma a shekarar ta soke fam 27 da take bayarwa duk sati biyu, Scotland ce ta ci gaba.

In za a tambaye ni, kati ko kuɗi ya fi kwalin abinci nesa ba kusa ba. Mun ga abin da ya faru a Janairun 2021 da aka ba wa kamfanoni kwangilar haɗa kwalaye, iyaye suka dinga saka hotuna a intanet, ɗan burodi, karas biyu, dankali biyu, wasu ma har da rabin tattasai a naɗe a leda, wai abincin kwanaki kenan. Uwa in ka ba ta fam 15 a hannu ta san shagon da shinkafa ta fi arha, ta san ƙarfe nawa ake karya farashin nama da yamma, ta san abin da yaronta yake ci da wanda ba ya ci. Masu cewa za a sayi sigari da giya da kuɗin, ai katin an tsara shi ne don abinci. Amurka ma da ake ganin ta fi kowa tsantseni a irin wannan, daga 2024 ta fara ba da dala 120 kan kowane yaro a hutun bazara, duk da wasu jihohin sun ƙi shiga.

A shekarar 2020 ɗin mu ma a Najeriya an gwada makamancin haka, ma'aikatar jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta ce za ta kai wa 'yan firamare abinci gida a Abuja da Legas da Ogun tunda makarantu a rufe suke, aka kashe sama da naira miliyan 500, mutane suka yi ta caa. Amma in ka saurara da kyau ba cewa suke yara ba sa jin yunwa a gida ba, tambayarsu ita ce wa ya karɓa, ina sunayen, ina adireshin. A Ingila wannan uzurin babu shi, sunan kowane yaro da aka yi wa rajista yana cikin kwamfutar makaranta da lambar wayar uwarsa, danna maɓalli ɗaya ne katin ya shiga wayarta.

Sai kuma 'yan uwana da suka zo karatu ko aikin kula da tsofaffi, waɗanda aka rubuta musu a biza cewa ba su da damar cin tallafin gwamnati. Da yawa suna tsoron ko tambaya, suna ganin zai ɓata musu takarda. Tun Afrilun 2022 aka buɗe wa yaran irin waɗannan gidajen ƙofar abincin makaranta kyauta in dai abin da gidan yake samu bai wuce wani adadi ba, kuma da wannan rajistar ce ake samun gurbin shirin hutu da katin cefane a inda ake bayarwa. Ku je ofishin makaranta ku tambayi fom ɗin tun kafin a rufe zango, don in an kulle makaranta a ƙarshen Yuli babu wanda zai ɗaga muku waya sai Satumba.