Aron da ba a mayarwa

Shagona na buga takardu yana Sabon Gari a Damagaram, kuma kakarmu ita ce lokacin da ɗaliban Jami'ar André Salifou ke kawo memuwar ɗinsu, wato kundin kammala karatu. Bana kwamfutar ta so ta ba ni kunya. Wata ɗaliba ta kawo aiki mai shafi 80, malaminta ya ce a sake tazarar layi, a ƙara wa kanun kowane babi kauri. Ina tsakiyar gyara na'urar ta fara nauyi, linzami ya ƙi motsi, can sai manhajar rubutun ta rufe kanta.

"Malam, ba dai aikina ya tafi ba?"

Na ce, "Kwantar da hankalinki ƙanwata, na adana." Ni kaina gabana faɗuwa yake.

Da farko zafin Damagaram na ɗora wa laifi, har fanka na juya mata. Ƙanena da ya karanci kwamfuta a Yamai ya yi mini dariya a waya. Ya ce, "Yaya, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka sa ido kan layin ƙwaƙwalwa a tagar da za ta buɗe." Na ga lambar tana hawa duk sanda na taɓa tsarin rubutu, ba ta sauka. Ya ce sunan abin yoyon ƙwaƙwalwa. Ni dai na fi ganinsa kamar maƙwabciyar da ke aron kwano: manhaja ta karɓi wuri a RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, don ɗan aiki, ta gama, ta mance ba ta mayar ba. Tawa kuwa giga 4 ce kacal, kwanukan ba su da yawa.

Wahalar ita ce in sa matsalar ta dawo da gangan, don masu gyara ba sa kama abin da ba su gani ba. Dare biyu na yi a kai bayan isha'i, da shayi da littafin lissafin shago. In kashe manhajar, in kunna, in rubuta lambar farko. In zaɓi duka rubutun da Ctrl da A, in sa kauri, in cire, sau 50. Lambar ta hau, na yi murna, ashe ban kama komai ba: manhaja tana ajiye kowane mataki ne saboda mai son komawa baya da Ctrl da Z. Da na rufe takardar sai ta sauko.

Ɓarawon ya fito ne da na sauya salon sakin layi a takarda mai bayanan ƙasan shafi. Nan ko an rufe takardar lambar tana sama. Na gwada da sabuwar takarda mai shafi 2 da bayani ɗaya a ƙasa, haka ta yi.

Na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya da lambar sigar manhajar, na tura wa ƙanena. Ya ce zai bi sawu da Valgrind, wata manhajar gano irin wannan yoyo, a kwamfuta mai tsarin Linux. Kafin nan, duk babi biyu nakan adana, in kashe, in kunna. Ɗalibar ta karɓi aikinta ran Alhamis, ta kuma nemi ragin dala ashirin.