Yadda na tsara shekarun mulkin Sarki Kyamba na Manipur, da wuraren da lissafin ya zille mini

Aikin a ido ƙarami ne: jadawali mai shafi ɗaya na mulkin Kyamba, sarkin mutanen Meitei da ya riƙe kwarin Imphal, cibiyar ƙasar Manipur, a arewa maso gabashin Indiya daga 1467 zuwa 1508. Gida huɗu na ja a takardar: shekarar da kundin fada ya rubuta, shekarar Miladiyya, abin da ya faru, sai kuma ƙarfin labarin. Gida na huɗun nan ya ci mini lokaci fiye da sauran ukun a haɗe.

Tushen aikin shi ne Cheitharol Kumbaba, kundin tarihin fadar sarakunan Manipur. Na yi amfani da fassarar Saroj Nalini Arambam Parratt, wadda juzu'inta na farko ya fito a 2005 ya kuma ɗauko daga shekara ta 33 zuwa 1763. Akwai tsohuwar fassara da Turawan mulki suka sa wani magatakarda ɗan Bengal ya yi bayan yaƙin Birtaniya da Manipur na 1891, amma ita na ajiye ta don gwadawa kawai.

Tuntuɓen farko a kan suna na yi shi. A zubin farko sai ga ni da sarakuna biyu, Kyamba da Kyampa, alhali mutum ɗaya ne, wasu ma Kiyamba suke rubutawa. Dalilin yana cikin tsohon rubutun Meitei, wanda haruffansa 18 ne kuma babu harafi na daban ga b, d da g, sai daga baya aka ƙara tara suka zama 27. Mai fassarar da ya bi harafi zai rubuta Pakhangpa da Kumpapa, wanda ya bi lafazin yau zai rubuta Pakhangba da Kumbaba. Ga kuma sunan sarauta: sunan wannan sarki na asali Thangwai Ningthouba, Kyamba laƙabi ne mai ma'anar wanda ya ci ƙasar Kyang da yaƙi. Tun daga nan na buɗe shafi na daban, kowane sarki da duk sunayensa da sunan mahaifinsa a gefe. Kyamba ɗan Ningthoukhomba ne, mahaifiyarsa Linthoingambi, kuma sunan uba shi ya fi komai saurin raba gardama.

Sai juya shekaru. Kundin da shekarar Saka, wata tsohuwar kalandar Indiya, yake lissafi, ƙa'idar kuwa a ƙara 78. Saka 1389 ta ba ni 1467, Saka 1430 ta ba ni 1508. Inda ake zamewa shi ne shekarar Meitei ba a Janairu take kamawa ba, a watan Sajibu take shiga, wajen ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Duk abin da ya faru a ƙarshen shekararsu, kamar a watannin Phairen da Lamta, ya riga ya faɗa sabuwar shekarar Miladiyya, don haka 79 ake ƙarawa. Inda kundin ya ba da shekara tsurarta babu wata, na daina rubuta 1485 kai tsaye, na koma rubuta 1485/86. Ranakun mako ba su fara bayyana a kundin ba sai daga 1666, saboda haka duk wanda ya kawo maka takamaimiyar rana a zamanin Kyamba, tambaye shi inda ya samo ta.

Wannan shekara ta 1485 ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. A cikinta Kyamba ya kafa al'adar cheithaba: kowace sabuwar shekara a naɗa mutum ɗaya ya tsaya gaban sarki ya ɗauki nauyin duk wani sharri da zai sami sarki da ƙasa a shekarar, sannan a riƙa kiran shekarar da sunansa. Chei sanda ce a harshensu, daga ƙidaya da sanduna kalmar ta fito, daga nan kuma sunan kundin kansa. Ga mai lissafi amfanin abin a fili yake. Daga 1485 kowace shekara tana da lamba tana da suna, idan mai kwafi ya yi kuskure a lamba, jerin sunayen zai tona shi, idan ya tsallake suna, lambar za ta nuna giɓin.

Kafin 1485 babu wannan ma'auni. Abin da ake da shi galibi tsawon mulkin kowane sarki ne, kuma tsawon yana da ban mamaki: Nongda Lairen Pakhangba, wanda aka ce ya hau gado a 33, shekara 120, Khuiyoi Tompok 110, Taothingmang 100. Sashen farkon nan an sake harhaɗa shi ne a zamanin Sarki Bhagyachandra, a rabin ƙarshe na ƙarni na 18, bayan an ce takardun asali sun ɓace. Wanda ya taɓa aiki da tarihin sarakunan Kano ya san irin wannan ciwon kai, domin can ma tsawon mulki aka bayar, Palmer, Baturen da ya fassara shi, ne ya yi lissafi da baya ya fitar da shekarun, har aka samu 1463 zuwa 1499 na Muhammadu Rumfa, wanda ashe sa'an Kyamba ne a zamani. Kuskuren shekara goma a sarki ɗaya yakan ja duk waɗanda suka gabace shi. Na ja jan layi a kan 1485. Abin da ke sama da layin na sa masa alamar “an ce”, abin da ke ƙasa na ɗauke shi a matsayin rubutun da aka yi kusa da lokacin faruwarsa.

Abin takaicin, babban yaƙin Kyamba a saman layin ya faɗa. Shi da sarkin Pong, wata daular mutanen Shan ta yankin Bama (Myanmar ta yau), wanda Meitei ke kira Khekkhomba, sun haɗa ƙarfi suka ci Kyang Khampat a kwarin Kabaw, suka raba ƙasar a tsakaninsu. Kundin fada ya sa wannan a 1470. Rubuce-rubucen Turawa da suka bi rahoton wani jami'in Birtaniya mai suna Pemberton na 1835 suna cewa 1475. Da farko na so in raba tsakiya, sai na ga hakan ƙirƙirar shekara ta uku ce da babu wanda ya rubuta. Na sa 1470 a gidan shekara, na ajiye 1475 a gefe da sunan inda ta fito. Kwarin Kabaw ɗin ya daɗe yana tada jijiyar wuya: a 1834 Birtaniya ta miƙa shi ga Bama, yau yana cikin Myanmar, kuma mutanen Manipur ba su manta ba.

Gunkin Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, shi ne tarko na ƙarshe. Al'ada ta ce sarkin Pong ne ya ba Kyamba shi kyauta bayan nasarar, aka ajiye shi a Lamangdong, garin da yanzu ake kira Bishnupur, kimanin kilomita 27 daga Imphal. Takardun yawon buɗe ido sukan ce an gina ƙaramin ɗakin bautar tubalin da ke can a 1467. Ai wannan shekarar hawansa gado ce, shekara uku kafin yaƙin da ya jawo kyautar, don haka na cire ta. Na kuma guji rubuta cewa Kyamba ne ya shigar da Manipur addinin Hindu. Gaskiya ne Brahman, wato malaman addinin Hindu, sun fara zama a ƙasar a zamaninsa, amma sarki na farko da ya karɓi addinin a hukumance Charairongba ne a 1704, ɗansa Pamheiba kuma ya mai da shi addinin masarauta bayan 1717, fiye da shekara 200 bayan rasuwar Kyamba.

Da na gama, layukan da na amince da su sosai ba su cika rabin shafin ba. Cikin abubuwan da Kyamba ya bari, ƙasar da ya ci na rubuta ta da fensir, tunda ta fita daga hannun Manipur. Cheithaba na rubuta da biro, domin har yau idan Sajibu ya kama ana bikin sabuwar shekara, wato Cheiraoba, ana naɗa sabon mutum a fadar Imphal, a ƙara sunansa a ƙasan jerin da aka fara a 1485.