Tsofaffi masu ciwon suga da tsoron abinci

Yawancin tsofaffin da nake zama da su ranar masu ciwon suga a asibitinmu, tsoron abinci ya fi cinye su fiye da ciwon kansa. Kafin su iso gare mu an riga an hana su shinkafa, tuwon masara, doya, fura, wani ma har da nono. Maƙwabci ya hana, ɗa ya hana, mai kemis ya ƙara nasa. Sai ka ga dattijo ya rame, riga ta yi masa yawa, kullum tuwon alkama da dafaffen wake, amma yana shan maganinsa yadda aka rubuta masa tun yana da jiki.

Wannan ne ke tayar mini da hankali. Ƙwayar maganin suga mai suna glibenclamide da allurar insulin suna sauke suga ko an ci ko ba a ci ba. Idan ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, matashi zai ji rawar jiki da gumi da bugun zuciya, ya nemi abin zaƙi. Tsoho sau da yawa ba ya jin waɗannan. Sai dai ya rikice, ya yi ta surutai, ko ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu, mutanen gida su ce tsufa ne. Shi ya sa nake fara darasina da faɗuwar suga kafin hawansa: in ya faɗi, a ba mutum ƙaramin cokali uku ko huɗu na suga a ruwa, a jira minti 15, a sake gwadawa, sannan a ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a kawo shi asibiti.

Aikin ya kuma nuna mini cewa magana da Baba shi kaɗai ba ta kai wa tukunya. Zai saurara, ya ce "to, 'yata, Allah ya yi albarka," ya koma gida ya ci abin da aka ajiye masa. Ludayin yana hannun matarsa, ko surukarsa, ko jikarsa. Don haka nakan roƙa a zo da mai girkin. Ita nake tambaya: "Inna, me aka dafa jiya? Ƙarfe nawa Baba ya karya kumallo? Haƙoransa suna iya tauna nama?" Daga amsarta ake gane ko kuɗin cefane ne matsalar, ko haƙori, ko kuma kunya ce ta hana a ce wa maigida ya rage malmala.

Maganar awo kuwa da kwanon gidan muke yin ta. Rabinsa ganye: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, miyar kuɓewa ko kuka mai yawa. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama, domin tsoho yana buƙatar abin da zai riƙe masa tsoka. Sauran kashi ɗayan kuma tuwo, kamar girman dunƙulen hannunsa, ko na dawa ne ko na shinkafa. Alkama da acca, da ake ɗauka kamar magani, su ma jiki suga yake mayar da su, malmala uku tasu ba ta fi ɗaya ta masara aminci ba. Zuma ma tana ɗaga suga. Abin da nake tsayawa a kai da gaske shi ne a bar lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi, da shayin safe da ake cika wa suga da madara. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano kuma a rage, don hawan jini yakan biyo.

Azumi ya fi komai wuyar magana, domin tsoho ba ya son ya ga jikoki suna yi shi yana ci. Ba na gardama da shi. Ina roƙonsa ya ga likita tun watan Sha'aban a daidaita masa magani, kada ya bar sahur, kuma ya san gwajin yatsa ba ya karya azumi. In suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya karya azumin nan take. Wanda ƙodarsa ta taɓu, ko suga ke yawan faɗuwa masa, nakan ce ya zauna da likita da malaminsa, su yi masa bayanin sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya.