Hazon Delhi ba irin namu ba ne

Assalamu alaikum. Ina lafiya, karatu na tafiya, a gaida su Hajiya.

Tun da na turo hoton layinmu na nan Delhi cikin hazo a watan Nuwamba, tambaya ɗaya ake ta yi mini: "Ashe can ma ana hunturu?" Na so in ba ku labarin abinci da wahalar sabunta takardun zama, amma bari in fara da wannan.

Hazonmu busasshiyar ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, wanki ya bushe kafin azahar. Nan kuwa rigar da na shanya sai ta kwana biyu da danshi, ga ido na yaji.

Abin da ke cikin iskar ne daban. Manoman jihohin Punjab da Haryana da ke kusa da Delhi na ƙona tushiyar shinkafa daga Oktoba zuwa Nuwamba, ga hayaƙin motoci da masana'antu, ga bola da ake cinna wa wuta. Wasu robobin, irin na bututun ruwan famfo da bawon wayar lantarki, in sun ƙone sukan fitar da iskar asid mai kulorin. Ta gamu da wata iska, amoniya, mai tashi daga takin zamani da kashin dabbobi, sai su zama ƙananan ƙwayoyin gishiri. Kun san yadda gishiri ke jiƙewa a kwano da damina ba tare da an zuba masa ruwa ba? To haka ƙwayoyin nan suke. Dare ya yi, sanyi ya sauka, laima ta ƙaru, sai su sha ruwa su kumbura su tare haske. Da asuba ko ginin tsallaken titi ba na gani. Rana ta ɗaga gari ya ɗan washe, alhali dattin na nan.

Irin waɗannan ƙananan ƙwayoyin datti PM2.5 ake ce musu. Silin gashi ya fi su kauri kusan sau 30, kuma har can cikin huhu suke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada su wuce mikrogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin awon yini. Nan akwai ranakun da sukan haura 300, a rufe makarantu.

Kullum sai na tuna juji na bayan gidanmu da ake ƙonawa da magariba, da yaran da ke babbaka waya don cire jan ƙarfe, ga Baba da tarinsa. Yaya, don Allah a yi magana da mai unguwa.

Maganar takardu sai wani karon. Abinci dai, yaji ya yi yawa.