Abin da na koya wajen kallon fararen ƙwayoyin jini suna mirgina

A shekarar da nake aikin bincikena na digiri na biyu, an ɗora mini aikin nuna yadda fararen ƙwayoyin jini, musamman nutrofil, suke rage gudu su manne a bangon jijiya idan wuri ya kumbura. Kayan aikin ba su da yawa: faranti biyu na gilashi da siririyar hanya a tsakaninsu, injin da ke tura sirinji a hankali, da madubin hangen ƙananan halittu mai kyamara. A kan gilashin ƙasa muka shimfiɗa ƙwayoyin bangon jijiya da aka ciro daga igiyar cibiya, muka zuba musu sinadarin kumburi na TNF, muka jira awa 4 domin su fito da E-selektin a samansu, wato furotin mai kama fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa.

Makonni biyu na farko ban ga komai ba sai fararen ƙwayoyin da injin ke turawa suna wucewa fuu, ko ɗaya ba ta tsaya ba. Na zargi injin, na zargi ƙwayoyin cibiyar, ashe laifin nawa ne. Na ɗebi jinin a kwalba mai murfin shunayya wadda ke ɗauke da EDTA, sinadarin da ke ɗaure kalsiyam, sannan na wanke ƙwayoyin da ruwan da babu kalsiyam a cikinsa, alhali selektin ba ya iya kama sukarin da ke jikin nutrofil sai da kalsiyam. Ranar da na gyara ruwan, sai ga su suna tafiya kamar ƙarangiya a bakin zane, gaba ya kama, baya ya saki, ƙwayar ta juya ta sake kamawa. Na daɗe a gaban allon ban rubuta ko kalma ɗaya ba.

Kumfar iska ma ta koya mini hankali, domin guda ɗaya tak ta shiga bututun ta kwashe shimfiɗar kwana uku.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gwajin L-selektin, nau'in selektin da ke jikin fararen ƙwayoyin kansu. Na ɗauka idan na rage ƙarfin ruwan ƙwayoyin za su ƙara mannewa, amma da na rage shi sosai sai suka saki gilashin suka tafi abinsu, da na ƙara kuma suka dawo suna mirgina. Wannan ɗauri irin na zarge ne, ja yake ƙara masa ƙarfi har zuwa wani iyaka, kuma a 2003 aka tabbatar da irinsa a P-selektin, wani nau'in selektin na bangon jijiya, ta hanyar auna ɗauri guda ɗaya. Mirginar kanta ba ta tsayar da ƙwaya. Tana ba ta lokacin jin sinadaran kira irin su IL-8, waɗanda ke buɗe integirin, furotin da ke jikin ƙwayar, ya damƙi ICAM-1 na bangon jijiya, daga nan ta tsaya cak ta ratsa bango.

Yanzu idan na ga mai sikila yana murƙususun ciwo, wannan allon nake tunawa, domin P-selektin na cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin jini su taru su toshe ƙananan jijiyoyi. Amurka ta amince da wani magani mai toshe shi a 2019, Tarayyar Turai kuma ta janye nata izinin a 2023 bayan wani babban gwaji bai nuna ya rage yawan tashin ciwon ba.